Yarona da masu farautar 'yan ƙwallo a Texas

Duk wanda ya zo Texas da yara maza masu jiki to ya shirya, makaranta ba za ta ƙyale su ba. Mu a gefen Dallas muke zaune, babban yarona yana shiga aji 9 kocin sakandarensu ya tare ni wajen fakin ya ce Alhaji wannan tsayi da faɗin kafaɗa ai ba na zaman gida ba ne. Ƙwallon Amurka fa, ta hular kwano da karo.

Ranar Juma'a da dare gari kaf yana filin wasan 'yan sakandare, tsofaffi, 'yan ganga, masu sayar da abinci. Garin Allen da ke kusa da mu a 2012 suka buɗe filin sakandare na dala miliyan 60 mai cin mutum 18,000, na 'yan sakandare kawai wallahi.

Da ya kai aji 11 sai wayarsa ta daina hutawa. Akwai shafuka irin su 247Sports da Rivals da ke ba yara taurari, mai biyar shi ne gwani, su kuwa a duk ƙasar ba su wuce talatin da 'yan kai a shekara, yarona taurari uku yake da su kuma hakan ma ya isa kococin jami'o'i su riƙa turo saƙo dare da rana, a turo bidiyo ta Hudl, shafin da ake ɗora bidiyon wasan yara, a zo kam, wato sansanin gwaji, lokacin zafi a auna gudunsa na yadi 40, a auna hannu a auna nauyi kamar ana cinikin rago a kara. Wannan awon har yau yana sosa min rai, ɗana ne fa.

Abin da nake so 'yan uwa sababbin zuwa su gane, ofa ta baki, wato tayin sikolashif daga jami'a, ba komai ba ce sai an sa hannu, a Disamba ko Larabar farko ta Fabrairu. Wani abokin wasansu ya yi alƙawari da wata jami'a, ya daina kula saura, aka kori kocin jami'ar, sabon da ya zo ya ce bai san zancen ba. Na ga uwar yaron tana kuka a mota.

Kuɗi kuma sun shigo. Tun 2021 aka yarda ɗan wasan jami'a ya ci kuɗin talla da sunansa, a 2025 kuma jami'o'i suka fara biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 kowacce a shekarar farko. Shi ya sa wasu da ban san daga inda suka samu lambata ba suke kira wai su ejan ne, wato dillalan 'yan wasa. Amma cikin masu bugawa a jami'a ko kashi 2 cikin ɗari ba sa kaiwa NFL, babbar gasar ƙwararru, kuma NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ba ta barin yaro ya buga a babban rukuni sai matsakaicin makinsa na sakandare ya kai 2.3 cikin 4 a darussa 16, don haka ni da mamansa rifot kad muke fara dubawa kafin bidiyo. Ita dai tsoronta buguwar kai, ranar wasa carbi ba ya barin hannunta.

Wata mai zuwa za mu ziyarci wata jami'a, na riga na rubuta tambayoyina: in ya ji rauni sikolashif ɗin zai ci gaba? Akwai masallaci kusa? In azumi ya zo ya za su yi da atisayensa?