Bakwainin gidanmu ya fara rarrafe

Alhamdulillahi, ɗan ƙanwata da aka haifa a sati 32 ya fara rarrafe yau.

Abin da ya fi wahalar da uwarsa bayan an fito da shi daga kwalba shi ne bakin mutane. Kowa ya zo barka sai ya ce, ɗan wance ya zauna, naki fa? Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kwantar mata da hankali. Ta ce bakwaini da lissafinsa daban: a cire satin da ya rage masa ya cika 40. Wanda ya zo da saura sati 8, in ya yi wata shida a duniya, a auna shi da ɗan wata huɗu, har ya kai shekara 2.

Aka koya mata ɗora shi a ƙirjinta, fata da fata, dabarar da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978. Mijinta ma ya riƙa karɓarta, duk da tsiyar abokai. Sai nono, da kifa shi rub da ciki yana farke, da zuwa wajen masu gashin ƙashi.

Inna dai har yanzu cewa take addu'arta ce. Ba wanda ya musa mata.