Yadda na ƙara wa'adin fulat ɗina a Landan kafin ya gaza shekara 80

A 2020 na sayi fulat mai ɗaki biyu a gefen Landan. Lauyata ta gaya mini cewa saura shekara 84 a wa'adin gidan, na ji dai da kunne, amma hankalina na kan makulli. A Ingila yawancin fulat haka ake sayar da su: ɗakunan naka ne na wasu shekaru ƙayyadaddu, filin kuma na wani ne daban, kana biyansa kuɗin ƙasa duk shekara. Wanda ya san takardar mallakar fili ta shekara 99 da gwamna ke sa wa hannu a Najeriya zai gane abin da nake nufi.

Maƙwabciyata ce ta farkar da ni. Ta sa nata a kasuwa, masu saye biyu suka janye, domin bankuna na ɗari-ɗari da ba da bashi a kan gida mai gajeren wa'adi. Ta ce mini, "Yaya, kada ka bari naka ya sauka ƙasa da 80." A lokacin saura mini 81 da 'yan watanni.

Dokar 1993 ta ba mai fulat haƙƙin ƙara shekara 90 a kan abin da ya rage, kuɗin ƙasa kuma ya koma abin da suke kira ƙwayar masoro, wato babu ko sisi. Sai dai idan wa'adin ya gaza shekara 80, darajar da gidan zai ƙaru da ita saboda tsawaitawar sai a raba ta biyu da mai fili. Wannan rabon ne ke tsawwala kuɗin, kuma shi na yi ta gudu.

Da farko na rubuta wa mai filin kai-tsaye, ina ganin zai fi sauƙi. Ya amsa da farashi mai daɗin ji, amma a ƙasan takardar ya bar kuɗin ƙasa, har ya sa zai riƙa ƙaruwa. Lauyata ta ce in yi watsi da shi, mu bi hanyar doka. Wata uku na ɓata a wannan kai-komo, kuma har yau yana damuna, don da na ƙara jinkiri da na faɗa ramin da nake gudu.

Na ɗauki mai kiyasin darajar gidaje, muka aika wa mai filin sanarwar Sashe na 42, wato takardar neman ƙarin wa'adi a ƙarƙashin dokar 1993, a 2023 da tayin fam 7,000. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne daga ranar da aka miƙa sanarwar ake lissafi, ko da ciniki zai ɗauki shekara. Mai filin ya nemi kafin alƙalami na kashi 10 cikin 100, na biya fam 700. Sai daf da cikar wata biyun da muka ba shi ya amsa da fam 13,000. Masu kiyasin biyu suka yi ta ja, muna shirin kai maganar kotun sauraron rigingimun gidaje, sannan aka tsaya a kan 8,500.

Abin da ban yi wa tanadi ba shi ne kuɗin aiki. Ban da lauyata da mai kiyasina, doka ta ɗora mini kuɗin lauya da mai kiyasin mai filin. Duka da rajista a ofishin filaye sun ci kusan fam 4,500. Sai da na taɓa kuɗin da muke tarawa na zuwa gida.

Tun daga nan abubuwa sun ɗan sauya. Ni sai da na cika shekara biyu da saye kafin in sami damar nema, amma an soke wannan sharaɗi a Janairun 2025. Dokar 2024 ta kuma tanadi shekara 990 da kawar da wancan rabon, ko da yake ba tare aka fara aiki da dukkan sassanta ba. Maƙwabciyata ta zaɓi ta jira wannan ɓangaren ya fara aiki. Ni takardata ta dawo daga ofishin filaye da shekara 171.