Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Yawon da Muka Kai Su Baba a Ƙasar Ayilan

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya a inda Allah Ya sauke ni lafiya a birnin Galway, aka yi suna, su Baba da Inna suka samu biza suka iso. Inna dai ta samu abin yi, don kula da mai jego ya kawo ta, kuma ba ta ɗaga mini ƙafa ba ko kaɗan. Baba ne zaman ɗaki ya gundura. Mutumin da ya saba tun asuba yana zaure almajirai sun kewaye shi, ga shi yanzu daga taga sai carbi. Lokutan salla ma sun rikita masa lissafi, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen ƙarfe goma na dare.

Da na yi arba'in sai maigidana ya ɗauki hutu, ya ce lallai a fita da su su ga ƙasa. Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, dutse da ruwa za ku nuna mini? Ai muna da su a gida."

Moher muka fara zuwa, a gundumar Clare, kudu da inda muke. Fili ne kore shar, shanu na kiwo, kana cikin tafiya sai ƙasar ta yanke ta faɗa tekun Atlantika. A inda ya fi tsayi, mita 214 ne daga ƙafarka zuwa ruwa. Abin da ya fi girgiza Inna shi ne tsuntsaye suna shawagi a ƙasanmu, mu muna leƙensu daga sama. Ta damƙe hannuna tana salati. Baba ya cire hula ya riƙe saboda iska, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tabarakallah." Muka taka har hasumiyar O'Brien da aka gina a 1835, daga nan ana hango tsibiran Aran in gari ya yi haske. Duk mai zuwa ya yi sammako kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin, ya riƙe rigar ruwa ko da rana ta fito, kuma don Allah kada neman hoto ya sa shi tsallake katanga.

Amma wurin da nake roƙon kowa ya je, wanda ba kasafai ake tallarsa ba, shi ne kwarin Doolough a gundumar Mayo. Hanya ce siririya tsakanin tsaunuka da wani tafki mai baƙin ruwa, ba gida ba kanti, sai tumaki da aka shafa wa fenti a gadon baya don kowa ya gane nasa. A gefen hanya akwai wani dutsen tunawa. Maigidana ya karanta, ya ba su Baba labarin. Daga 1845 cuta ta kama dankalin turawa, wanda shi ne abincin talakan ƙasar safe da dare. Yunwar ta ɗauki shekaru, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, kusan miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 8 kafin bala'in. A lokacin Birtaniya ke mulkinsu, kuma ana ci gaba da loda hatsi da dabbobi a jiragen ruwa ana fita da su. A ƙarshen watan Maris na 1849, ɗaruruwan mayunwata suka taru a garin Louisburgh don jami'ai su tantance masu cin tallafi. Aka ce musu su bi jami'an zuwa Delphi, tafiyar kusan kilomita 19, su hallara da sassafe. Suka kwana suna tafiya cikin sanyi da ruwa, mata da yara, ciki ba komai. Wasunsu a bakin wannan tafkin aka tsinci gawarsu.

Baba ya nemi a taimake shi ya zauna a kan wani dutse. Ya ce shi ya ga farin 1973 da idonsa, ya ga mutane sun gangaro daga arewa dabbobinsu sun ƙare, suna bin gida gida. "Wanda bai ga yunwa ba, labarinta kawai yake ji," in ji shi. Da aka faɗa masa cewa Sultan Abdulmajid na Istanbul ya aiko wa mutanen Ayilan gudummawar fam 1,000 a 1847, sai ya yi masa addu'a. Ni kaina tun daga ranar na daina mamakin yadda tsofaffin da nake jinya a asibiti suke tambayata labarin gida da tausayawa. Kusan kowannensu yana da dangi a Amurka ko Ingila ko Ostiraliya.

Mun so mu kai su Giant's Causeway, inda ginshiƙan dutse kusan 40,000 suka jeru a bakin teku, amma wurin yana Ayilan ta Arewa, ƙarƙashin Birtaniya. Ba shinge a kan iyakar, sai dai mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Birtaniya kafin ya tsallaka. Muka haƙura.

Sai Dublin, a jirgin ƙasa. Mun shiga jami'ar Trinity mun ga Littafin Kells, Linjila ce da aka rubuta da hannu a kan fata wajen shekara ta 800. Baba ya yaba zayyanar, don shi ma sana'arsa ke nan, ya rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin gamba da tawadar da yake haɗawa da kansa. Daga nan muka taka zuwa ɗakin littattafai na Chester Beatty, a harabar tsohuwar fadar Dublin. Shiga kyauta ne. Wanda ya kafa shi, marigayi Chester Beatty, Ba'amurke ne da ya yi arziki a haƙar ma'adinai, ya tare a Dublin a 1950, ya bar wa ƙasar abin da ya tara, ciki har da Alƙur'anai rubutun hannu sama da 260. Ba duka ake fitowa da su lokaci ɗaya ba, amma muka yi sa'a an baje wanda gwanin rubutun hannu Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan hijira.

Alƙur'anin ɗan ƙarami ne, takardar ta yi ja saboda daɗewa. Baba ya sa tabarau, ya matsa har numfashinsa na taɓa gilashi, ya fara bin layi yana karantawa a hankali. Ya kira maigidana ya nuna masa cewa a nan fa'un ɗigonta a sama yake, ƙaf kuma ɗigo biyu, alhali a rubutunmu na Warshu ɗigon fa'un a ƙasa ake sa shi, ƙaf ɗigo ɗaya. Ya ce hannun mutumin bai yi rawa ba ko a harafi guda. Inna ta gaji ta samu benci ta zauna da jaririya, muka ci abinci muka dawo, Baba yana nan inda muka bar shi. A jirgin komawa ya ce in an koma gida zai tara manyan almajiransa ya gaya musu abin da ya gani, kuma a nemo masa hoton shafukan a buga masa manya.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin komawata aiki bayan hutun haihuwa, da yadda muka yi da renon yarinya bayan su Inna sun tafi.