Ranar da tsinken ya yi shuni

Talata, Mabera, Sakkwato, bayan sallar isha'i.

Sai yanzu na samu na zauna. Yau kwananmu uku ba mu ga wuta ba, ga Afrilu ta kankama, irin zafin da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Firij ya zama akwatin ajiye kwanuka, kuma a cikinsa insulin ɗin yaron nan yake, allurar ciwon sugansa. Ina sane, amma kullum sai in ce ai da dare za a kawo. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Tun cikin dare na ji shi yana ta zirga-zirgar bayi, sau huɗu na ƙirga, kuma da asuba na tarar ya shanye jug ɗin ruwan da na ajiye masa kaf. Ya ce maƙoshinsa na ciwo, jikinsa da ɗumi, ba ya son ko kallon koko. Na tsaga masa yatsa, mitar gwajin suga ta nuna 412, ya hau sosai. Na sa ya wanke hannu da sabulu muka sake, don an taɓa yi mana haka lokacin mangwaro, zaƙin da ya rage a yatsa ya ba mu lambar ƙarya. Wannan karon 405. Da na sunkuya zan taɓa goshinsa sai na ji warin a numfashinsa, kamar ruwan goge jan farce. Gabana ya faɗi.

Na ɗauko kwalbar tsinken gwajin kiton a fitsari, Allah ya sa kwanan watanta bai wuce ba. Na tsoma, na ƙirga daƙiƙa 15, na kara shi da launukan da ke jikin kwalbar. Kan tsinken da ya saba zama ruwan ƙasa mai haske yana rinewa a gaban idona, ya wuce ruwan hoda, ya tsaya a shuni. Matsakaici. Saura gida ɗaya ya shiga masu duhun da ake cewa a ruga asibiti.

Shekara biyar ke nan tun da likitarsa ta yi mini bayanin kiton, kuma ga yadda ya zauna a kaina. Suga ya cika jini kamar rumbu cike da gero, amma babu tsanin hawa a ɗebo, insulin shi ne tsanin. Jiki na jin yunwa ga abinci jibge, sai ya koma ƙona kitse, hayaƙin wannan ƙunar shi ne kiton. In ya taru jini ya yi tsami, ga fitsari na kwashe ruwan jiki da gishirinsa, sai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, daga nan sai suma. Zazzaɓi kuma yana ƙara wa jiki buƙatar insulin, ko da mutum bai sa komai a bakinsa ba.

A nan muka sami saɓani da Inna. Ta fito da carbinta ta gan ni da allura a hannu, ta ce, "Ke, mi kike shirin yi? Wanga yaro bai ci komi ba tun jiya, ki soke shi da allura ya sheme muna?" Ba ta yi ƙarya ba, ta taɓa ganin ranar da sugansa ya faɗi yana gumi yana karkarwa, ita ta ɗura masa zuma. Abin da ta sani ke nan, allura sai da abinci. Ta ce a jiƙa masa shuwaka, ɗaci ke kashe zaƙi. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, yau rashin allurar ne ciwon." Ban saba mayar mata da magana ba, balle a kan ɗan fari wanda ko sunansa ba na kira a gabanta. Ta dube ni, ta dubi tsinken, ta ce, "To, Allah shi ba da lafiya," ta koma ɗaki. Ba ta yarda ba, ta dai bar ni.

Sai kuma tambayar wace allurar. Wadda ke firij garau take, ba gudaji, ba ta canza launi ba, amma insulin da zafi ya kashe yana iya zama haka a ido. Ƙa'idarsa a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda aka buɗe kuma yana iya yin kamar wata guda a ɗaki in zafin bai wuce digiri 30 ba. Ɗakin Sakkwato a wannan watan ina shi ina 30? Na kira Malam a kasuwa, ya rufe shago ya hau kabu-kabu, sai da ya shiga kemis uku kafin ya samu mai sola wanda firij ɗinsa ke da sanyi na gaske. Kuɗin cefanen sati ya tafi. Ina yawan tuna cewa waɗanda suka gano insulin a Toronto a 1921 dala 1 kowannensu ya karɓa ya bar wa jami'a haƙƙin mallakarsa, sai in rasa abin cewa.

Akwai takardar da likita ta rubuta mana ta ranar rashin lafiya, tana manne a bayan ƙofar kwaba har ta yi ja. Nasa lissafin shi ne a ƙara kashi 10 cikin 100 na jimillar allurarsa ta yini, da mai saurin aiki. Yana yin yunit 30, ƙarin ya zama 3. Na kira ta na karanta mata lambobin, ta ce in yi, in riƙa gwadawa duk awa biyu, kuma in ya yi amai sau biyu ko ruwa ya ƙi zama, ko numfashinsa ya canza, ko ya fara magagi, ko tsinken ya ƙara duhu, kada in tsaya kiranta, mu wuce asibiti a sa masa ƙarin ruwa. Na haɗa jaka na ajiye bakin ƙofa.

Daga nan sai jira. Ruwa kurɓi-kurɓi, rabin kofi duk kwata. Wajen ƙarfe goma ya yi amai sau ɗaya, na miƙe na ɗauki mayafi, sai ya ce, "Umma, bari in sake gwadawa." Ya sha, ya zauna. Abokinsa ya leƙo wai su ɗan taka zuwa bakin titi ya ji ƙarfin jiki, na sallame shi. Mutane sun ji ana cewa motsa jiki na sauke suga, ba su san in akwai kiton ƙara hura wutar yake yi ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya 368. Raina ya so in ƙara allura nan take, na danne, don ta farko ba ta gama aikinta ba, tana kai awa huɗu a jiki. Da lokacin takarda ya cika na ƙara. Azahar 281. La'asar 176, na ce alhamdulillahi, amma tsinken bai koma farinsa ba, akwai saura. Wannan gaɓar ce ta fi rikita ni a shekarun baya. Suga ya sauka, kiton na nan, kuma ba abin da ke share shi sai insulin, don haka dole a ba shi abu mai ɗan zaƙi a ci gaba da allurar ba tare da ya faɗi ba. Fitsari ma yana makara, abin da ya nuna labarin awannin baya ne. Inna ce ta dama kunun tsamiya da kanta, ta kawo ta ce, "Ɗazu kin hana zaƙi, yanzu ke ka neman shi." Na yi dariya, ita ma ta murmusa.

Da yamma mun kai shi an duba maƙoshin, ya kumbura, an rubuta magani. Kafin magariba ya ci tuwo loma biyar.

Tsohuwar allurar na ware ta. Sabuwar na sa a roba mai murfi, na ɗaure a leda, na saka cikin randar Inna da ke ƙarƙashin darbejiya, na lulluɓe randar da jiƙaƙƙen buhu. Malam ya so ya sayo ƙanƙara mu ɗora ta a kai, na ce a'a, in ta daskare ma ta mutu. Gwajin ƙarshe 158, tsinken ɗan alama kawai. Allurar dare ta shiga a kan lokacinta. Na saita ƙararrawar waya ƙarfe biyu, cajin saura kashi 19, bari in kashe ta haka nan.