Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗaurin Akayau

Makon jiya mun tsaya a inda hedimasta ya ɗora mini koya wa 'yan aji huɗu rawar koroso, saboda bikin Ranar Yara na 27 ga Mayu. Ni kuwa malamar lissafi ce. Iyakar sanina da koroso shi ne kallon 'yan rawar Gidan Ɗan Hausa a nan Kano.

Ranar farko, mai kalangu na sakin kiɗa yaran suka ƙame, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Dattijon ya rataye kalangunsa ya ce, "Malama, yaro ba ya shiga fage da sanyin ƙafa. Ki ba su abin yi tukuna."

Daga nan muka kafa ƙa'ida. Da an tashi tara, maza su share bayan aji, mata su yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Sai a zauna bibbiyu, kowa ya ɗaura wa abokinsa akayau a ƙafa. Nan ne na fi ɓata lokaci, kuma ban taɓa jin na yi asara ba. Idan ɗaurin ya yi sako-sako zai zame a tsakiyar rawa, idan ya matse zai ci wa yaro idon sawu, don haka dole mai ɗaurin ya tambaya, "Ya yi?" Wanda aka ɗaura wa ya buga ƙafa ya ji ƙarar da kunnensa kafin ya amsa. Bayan haka tafi, sai taku a hankali babu kiɗa. Kalangu shi ne ƙarshen shigowa.

Akwai wata 'yar siririya da ko sunanta aka kira a rajista sai ta sunne kai. Ɗaurinta ya fi na kowa kyau, har yara suka fara layi a gabanta. Wata rana na ji ta tana ce wa wani ƙato, "Miƙo ƙafar mana!" Na kau da kai ina dariya. Kafin watan ya ƙare ita ke jan layin gaba.

Ranar bikin motarmu ta makara. Muna isa fili aka ce saura makaranta ɗaya a kira mu, ga akayau duk a cikin buhu, mai kalangu kuma babu labarinsa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.