Hayaƙin sigarin lantarki da kwamfutar tafi-da-gidanka: abin da na gani da aka buɗe tawa

Masu shan sigarin lantarki, wanda matasa suka fi sani da vape, sukan ce abin da ke fita daga bakinsu tururin ruwa ne kawai, saboda haka ba ya taɓa labule ko tufafi, balle na'ura. Aikina na rubutu ne da gyaran takardu, kusan wuni nake yi a gaban kwamfuta, kuma tun da na bar taba sigari na koma ga na lantarki, a gefen hannuna na dama yake zama, ina zuƙa ina bugun rubutu. Wannan doguwar maƙwabtaka da suka yi a kan tebur ɗaya ita ta ba ni damar in faɗi abin da na gani da idona game da ko hayaƙin yana cutar da kwamfuta.

Maganar tururin ruwa ba ta da tushe. Sigarin lantarki na zamani, wanda wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro a 2003, ba ya ƙona ganyen taba. Batir ne ke zafafa wata 'yar waya da aka naɗe da auduga, ita kuma ta mayar da ruwan da ke jikin audugar ya zama ƙananan ɗigo masu yawo a iska. Kaso mafi tsoka na wannan ruwa abubuwa biyu ne, gilisirin da furofilin gilaikol, sai ɗan nikotin da kayan ƙamshi. Gilisirin ba baƙo ba ne a gidajenmu, domin shi ne ake haɗawa da man shafawa a lokacin hunturu saboda kaushi da faso, kuma duk wanda ya taɓa shafa shi ya san halinsa: yana da danƙo, yana jawo laima daga iska, ba ya kuma bushewa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma gilisirin sai ya kai digiri 290, saboda haka ɗigon da ya sauka a kan gilashi ko ƙarfe ba zai tashi da kansa a zafin ɗaki ba. Yana nan zaune har sai an goge shi.

Alamar farko a fuskar kwamfutar ta bayyana. Wani ɗan hazo-hazo ya riƙa kwanciya a kanta, wanda ba a cika lura da shi ba sai an kashe ta haske ya bugo daga gefe, kuma idan na sa busasshen ƙyalle sai ya bar zane-zane maimakon ya fita. Gilashin tagar ɗakin ma haka ya koma. Daga baya sai fanka ta fara gurnani a kan aikin da a da take yinsa shiru, ƙasan kwamfutar ya riƙa ɗaukar zafin da ba na iya ɗora ta a cinya, sannan idan na buɗe manyan takardu da yawa sai ta riƙa jan ƙafa.

Sai mutum ya san yadda irin wannan kwamfuta ke shaƙar iska kafin ya gane dalilin hakan. A mafi yawansu, fanka tana jawo iska ne ta ramukan da ke ƙasa, ta tura ta tsakanin wasu siraran fallayen ƙarfe da aka jera kusa da juna ƙwarai, waɗanda bututun jan ƙarfe ke kawo musu zafi daga ƙwaƙwalwar na'urar, sannan iskar ta fice ta baya ko ta gefe. Hayaƙin sigarin lantarki kuwa, musamman mai yawan gilisirin, ba ya miƙewa sama kamar na taba. Yana da nauyi, yakan sauko ya bazu a kan tebur, wato daidai inda bakin fankar yake. Mai zuƙa yana fuskantar kwamfuta, yana fesawa wajenta, ita kuma tana haɗiyewa.

Na kai ta wurin wani mai gyara a titin Beirut da ke Kano, na kuma roƙe shi ya bar ni in tsaya a kansa. Da ya kwance kusoshin ya ɗaga murfin ƙasa, abin da na fara gani shi ne fukafukan fankar, kowanne ɗauke da wani abu mai launin toka-toka da ja-ja, a manne, yana ɗan sheƙi. Ya riƙe fankar da yatsa don kada ta juya fiye da ƙima, ya sa bulowa. Ƙurar da ke sako-sako ta tashi, amma wadda ke jikin fukafukan ko gezau. Ya lakato kaɗan da bakin sukundireba ya murza tsakanin yatsunsa, sai ta dunƙule maimakon ta watse. A bakin fallayen ƙarfen nan kuwa, ƙura da zaren tufafi sun haɗu sun yi wani dogon tabarmi da ya toshe fiye da rabin hanyar iska, ya cire shi ɗungurungum da hantsaki. Ya sunsuna, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, a kicin kake aiki da ita, ko shisha ake sha a ɗakin?" Na ce masa ba ko ɗaya, na ciro sigarin daga aljihu na nuna masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ai ɗanjuma ne da ɗanjummai." Yana da gaskiya, domin tabar shisha ma da gilisirin ake kwaɓa ta.

A nan na fahimci inda ainihin ɓarnar take. Kowace kwamfuta a ƙasar nan tana shan ƙura, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da iskar hunturu ke kwaso ta daga Sahara, amma busasshiyar ƙura mai sauƙin kai ce, wani kaso yana wucewa ta cikin fallayen ya fita, sauran kuma bulowa na kore shi cikin minti ɗaya. Abin da hayaƙin ke yi shi ne ya shafe cikin na'urar da danƙo, yadda duk ƙwayar ƙurar da ta shigo za ta sami wurin kamawa, wata ta hau kan wata. Idan hanyar iska ta ƙuntata, zafi ya taru, ƙwaƙwalwar kwamfuta kan rage gudunta da kanta idan ta doshi digiri 100 don kada ta ƙone, wannan ne jan ƙafar da nake gani. Batirin lithium ma zafi na saurin tsufar da shi, fanka kuma da ke juyawa ba hutu da kaya a fukafukanta ba ta daɗewa. Wanda ya shiga zafin Afrilu da kwamfuta a wannan hali, lokacin da Kano ke haura digiri 40, zai ji a jikinsa.

Wankin ya ɗauki lokaci. Mai gyaran ya fara cire wayar batir daga jikin bod, wato babban allon da kayan lantarkin kwamfutar ke manne a kansa, sannan ya kwance fankar gaba ɗaya, ya bi fukafukan ɗaya bayan ɗaya da auduga mai tsinke da ya tsoma a sifirit ɗin wanke kayan lantarki, wato aisofurofil. Audugar tana shiga fara tana fitowa ruwan ƙasa. Ya wanke fallayen da ƙaramin buroshi, ya goge tsohon man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da jan ƙarfe ya sa sabo. Na ga wasu masu gyara suna wanke bod da fetur ko tina, ni dai ba zan yarda a kusanci tawa da su ba, domin suna cin roba. Fuskar kwamfutar kuwa ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa ya wadatar, tunda gilisirin yana narkewa a ruwa, sai dai a kashe ta tukuna, kuma kada a fesa komai kai tsaye a kanta.

Ya kamata a yi wa abin adalci. Bod ɗin kansa, inda iskar fanka ba ta cika bi ba, fes muka same shi, babu tsatsa, babu alamar ƙuna. Masu cewa hayaƙin zai haɗa wuta ya kashe kwamfuta nan take sun kai maganar inda ba ta kai ba, kodayake danƙo mai jawo laima da ya cakuɗu da ƙura ba abin da za a bari ya kwana a kan kayan lantarki ba ne har damina. Mai gyaran ya ce kwamfutar mashayin taba ta fi wannan muni nesa ba kusa ba, saboda kwaltar da hayaƙin taba ke bari tana rina komai rawaya, tana wari, tana kuma wuyar fita. Kwamfutocin da ba su da fanka sam, irin MacBook Air da aka fara fitarwa daga ƙarshen 2020, ba sa jawo iska ciki, don haka matsalarsu ba ta cika wuce fuska da madannai ba.

Abu biyu sun fi hayaƙin saurin yin ɓarna. Na farko shi ne cika tankin sigarin a saman madannai, domin ɗigo kaɗan na wannan ruwa mai kauri idan ya gangara ƙarƙashinsu zai sa su riƙa maƙalewa, ba kuwa zai bushe ba. Na biyu shi ne cajin sigarin a jikin kwamfuta. Ramin USB na 2.0 wutar da ba ta wuce miliamfiya 500 ba aka tsara ya bayar, na 3.0 kuma 900, sannan yawancin sigarin da ke kasuwa masu araha ne da ba a san ingancin batirinsu ba. Ban ga hikimar jingina na'urar dubban ɗaruruwan naira da irin wannan kaya ba alhali kan caja yana nan.

Lokacin hunturu ne ya fi ɗaure kai, domin idan na rufe taga don tsare ƙura hayaƙin ya taru a ɗaki, idan na buɗe kuma ƙura ta shigo ta tarar da danƙo yana jiranta. Abin da na tsaya a kai shi ne in rufe murfin kwamfutar in bari fanka ta tsaya, in fita baranda in zuƙa, sannan in dawo bakin aiki. Na kuma sa mata 'yar matashi da ke ɗaga ta daga kan tebur, na sauya zuwa ƙaramin sigari da ba ya tara hayaƙi sosai. Da hunturun da ya biyo baya ya wuce na sake kai ta aka buɗe, ƙura ta taru kamar kullum, amma busasshiya ce, bulowa ta kore ta ba tare da an taɓa kwalbar sifirit ba.