Ofosum da 'yan hayar da ke jikinta

A nan kudancin Texas inda nake zaune, in kana so ka haɗa maƙwabta gardama, ambaci ofosum. Wani zai ce ƙazamar dabba ce, a kira masu tarko su kwashe ta. Wani kuma zai ce ai baiwar Allah ce, ba ta faɗa da kowa, ba ta ɗauke da wata cuta, kaska ma take cinye mana. Ni na fi karkata ga masu tausayinta, amma zancen nan na "ba ta ɗauke da cuta" ya ƙi wuce mini a maƙogwaro.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba: ɗauko gafiya, ka ƙara mata jiki ta kai mage, ka ba ta farar fuska da dogon baki mai haƙora 50. Sai dai ba dangin ɓera ba ce, tana cikin dabbobin da ke goyo a jakar ciki, kuma cikin nata kwana 12 zuwa 13 ne kacal. 'Yar asalin nahiyar Amurka ce. A Meziko tlacuache suke ce mata, a Brazil kuma gambá.

Wata maƙwabciyata tana barin kwanon abincin magenta a baranda ya kwana. Ran nan da daddare na haska fitila, sai ga ofosum ta tsoma kai a ciki. Ta ɗago, ta wangale baki, yawu na zuba, ta yi mini huci, da ta ga ban matsa ba ta koma kan cin abincinta. Da ta ƙoshi ta zauna a kan ɗan tsumman da ke gefe tana susa da ƙafar baya. Da safe magen ce kwance a kan tsumman, da yamma kuma tana kan cinyar uwar ɗakinta. Ƙumar da ke jikin ofosum ita ce dai ƙumar mage, kuma ƙumar tana ɗauke da ƙwayar Rickettsia typhi mai kawo zazzaɓin taifus (ba taifod ba, wannan daban). Ba cizon ne ke sa ciwon ba, kashin ƙumar ne, wanda mutum ke cusa wa fatarsa da kansa garin susa. Zazzaɓi, ciwon kai, wani lokaci ƙuraje. Doxycycline na maganinsa in an gane da wuri. A 2022 gundumar Los Angeles ta ƙirga mutum 171 da suka kamu, uku suka rasu.

Babbar maganar dai ita ce cutar Chagas. A 1909 likita Carlos Chagas ya gano ta a ƙauyen Lassance na jihar Minas Gerais a Brazil, ya raɗa wa ƙwayar suna Trypanosoma cruzi don girmama maigidansa Oswaldo Cruz. 'Yar'uwar ƙwayar ciwon barci ce, amma ba ƙudan tsando ke yaɗa ta ba. Wani ƙwaro ne mai shan jini da dare, wanda 'yan Brazil ke kira barbeiro, wato wanzami, saboda fuska yake nema. Ya sha, ya yi kashi mai ɗauke da ƙwayar kusa da wurin, mai barci ya murza ya kai ido ko wurin cizon. Sai ciwon ya yi lamo shekara goma, ashirin, har talatin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu zuciyarsu ke lalacewa, wasu kuma maƙoshi ko babban hanji ya kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da ita sun kai wajen miliyan bakwai. Magunguna biyu ne, benznidazole da nifurtimox, kuma sun fi aiki a farkon kamuwa, lokacin da yawancin mutane ba su ma san sun kamu ba.

To ina ofosum ta shigo? Dabbobin daji da yawa suna ɗauke da ƙwayar, amma ita tata ta fita daban ta fuska biyu. Ƙwayar kan daɗe a jininta ba tare da ta kayar da ita ba, don haka ƙwaron da ya sha jininta ya samu guzuri. Sannan ba ta gudun mutane: silin, rumbu, ƙarƙashin daɓen katako, duk masauki ne. Ita ce ke jigila tsakanin daji da gida.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne binciken da Maria Deane da abokan aikinta na Cibiyar Oswaldo Cruz suka wallafa a 1984. Ofosum tana da wasu 'yan jakunkuna kusa da dubura, inda ruwa mai ɗoyi ke fitowa in ta tsorata ko ta yi mutuwar ƙaryar nan da aka san ta da ita. A cikinsu suka tarar da ƙwayar tana hayayyafa da irin siffar da take ɗauka a hanjin ƙwaron. Wato dabba ɗaya tana iya zama ma'ajiya, ta kuma yi aikin ƙwaron. Shi ya sa ake sa ta a lissafi duk lokacin da cutar ta shiga ta baki, kamar yadda ruwan rake ya kwantar da mutane a jihar Santa Catarina ta Brazil a 2005, ko ruwan gwaba ya kama sama da mutum ɗari a wata makaranta a Karakas, babban birnin Venezuela, a 2007. A waɗannan biyun ƙwaron aka fi zargi, a faɗi gaskiya, amma shi ma a jikin wata dabba ya samo.

Masu dawaki kuwa nasu kukan daban. Kashin ofosum na ɗauke da wata ƙwaya mai suna Sarcocystis neurona. In ya shiga harawa ko ruwan sha, ƙwayar ta kama lakar doki ya riƙa tangaɗi.

Inda masoyanta suka yi daidai shi ne ciwon haukan kare: da wuya a same shi a jikinta, ana kuma danganta hakan da ƙarancin zafin jikinta. Batun cinye kaska dubu biyar a kaka guda kuwa, daga wani gwaji na 2009 ya fito, inda aka zuba wa ofosum kaska a keji aka ƙirga waɗanda suka faɗo, aka ɗauka sauran ta cinye. A 2021 wasu suka buɗe cikin ofosum 32 a Illinois, ko ƙafar kaska ba su gani ba. Amma je ka Facebook, labarin yana nan yana yawo.

Duk da haka ban goyi bayan kashe ta ba, ba don tausayi kaɗai ba. In ka kawar da ɗaya alhali kwano na nan a baranda, shara a buɗe, 'ya'yan itace zube a ƙasa, wata za ta maye gurbinta. Kuma da zarar gawa ta yi sanyi ƙumar ke watsewa neman jiki mai ɗumi, wanda ya sunkuya ɗauka shi ne mafi kusa. Na roƙi maƙwabciyata ta riƙa shigar da kwanon da magariba, ta kuma sa wa magen maganin ƙuma. Maganin ta saya. Kwanon kuwa ta ce ita ma ofosum ɗin cikinta ne ya kawo ta.